Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Daga cikin karin maganar da nakan kawo wa ɗalibai a darasin adabin baka akwai wanda ke cewa, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ma'anarsa ba ta da wuyar ganewa. Raɓa da dare take sauka, da zarar hantsi ya ɗaga sai a neme ta a rasa; kaba kuwa saiwarta ta yi nisa cikin ƙasa, ko an sare ta ko an cinna mata wuta, damina na faɗuwa za ta sake tohowa. Magabata sun yi wannan magana ne domin su ja kunnen mutum kada ya ɓata da nasa saboda wanda gobe zai naɗe tabarmarsa ya kama hanya. To amma a zamanin nan maganar ta tashi daga bakin tsofaffi ta tare a ofishin karɓar kuɗi na manyan makarantu, inda za ka tarar an raba takardar kuɗin makaranta gida biyu: ga abin da ɗan jiha zai biya, ga kuma abin da wanda ba ɗan jiha ba zai biya. Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. Ƙasar Amurka, wadda ake tinƙaho da jami'o'inta, ta riga mu fara ta, kuma tazarar da ke tsakanin gidajen biyu a can takan ba mutum tsoro. Abin da ya ja hankalina shi ne dabarar da jihohinsu suka yi wa wannan matsala, da abin da tarihin dabarar ya ƙunsa na daɗi da na ɗaci.

Wani aminina ne sanadin sanina da wannan batu. Tare muka yi sakandare, daga baya aikin asibiti ya kai shi ɗaya daga cikin jihohin kudancin Amurka, ya zauna can da iyalinsa shekara da shekaru yana biyan haraji kamar kowa. Da babbar 'yarsa ta isa shiga jami'a sai ta kafe a kan wani fanni wanda babu jami'ar gwamnati ko ɗaya da ke koyar da shi a jiharsu. Jihar da ke maƙwabtaka da su tana da shi, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, amma da ƙetare iyakar nan yarinya ta zama baƙuwa, kuɗin da aka yanka mata ya kusan ninka na 'yan gari sau uku. A lokacin ya kira ni ta waya yana lissafin bashin da zai ci, muryarsa duk ta yi sanyi. Bayan 'yan watanni ya sake kirana cikin fara'a, ya ce, "Mutumina, ta kwana gidan sauƙi, kuɗin 'yan gari za mu biya." Na tambaye shi ko tallafin karatu yarinyar ta samu, ko kuwa wani babba ne ya sa baki. Ya yi dariya ya ce ba ko ɗaya. Takarda ce ta cika, ta aika wa wani jami'i a hukumar ilimi ta jiharsu, bisa wata yarjejeniya da aka ƙulla tun ba a haife mu ba, ni da shi.

Kafin mai karatu ya ga amfanin wannan yarjejeniya, sai ya san yadda aka gina ilimin jami'a a ƙasar. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da jami'o'i irin namu na tarayya, in ban da makarantun horar da hafsoshin soja da wasu 'yan ƙalilan. Jami'o'in gwamnati mallakar jihohi ne. Da yawa daga cikinsu sun samo asali ne daga wata doka da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, wadda ta ba jihohi filaye su sayar su kafa kwalejojin noma da na ƙere-ƙere. Tunda kuwa da harajin mutanen jiha ake ciyar da jami'a, sai jihohi suka ce ba adalci ba ne ɗan da iyayensa suka daɗe suna zuba kuɗi a asusun jiha ya biya daidai da wanda ya zo daga nesa. Hujja ce mai kama hankali, sai dai nauyinta a kan ɗalibi ba ɗan kaɗan ba ne. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin makaranta na shekara guda a jami'ar gwamnati ya kai kimanin dala 11,000 ga ɗan jiha, shi kuwa baƙo kimanin dala 29,000. Wannan ban da kuɗin ɗaki da abinci da littattafai. Ke nan a shekara huɗu ta digirin farko, iyakar da aka shata a taswira za ta iya ci wa uba fiye da dala 70,000.

Sai dai akwai gaskiyar da ba mai iya kauce mata: babu jihar da za ta iya mallakar kowane fanni na ilimi. Gina tsangayar likitanci, ko ta likitan dabbobi, ko ta haƙori, aiki ne mai cin dukiya, kuma wasu jihohin faɗin ƙasa gare su ba yawan jama'a ba. Abin ya fito fili bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta sa dubban ɗaruruwansu suka kwararo jami'o'i. A 1948 gwamnonin jihohin kudu suka kafa hukumar ilimi ta yankinsu, wadda aka fi sani da SREB, mai hedikwata a birnin Atlanta. Aikinta na farko shi ne sayen gurabe: jihar da ba ta da wata makaranta sai ta biya maƙwabciyarta a keɓe wa 'ya'yanta kujeru. Alal misali, jihar Kentaki, wadda ta yi suna a duniya wajen kiwon dawakin tsere, tun farkon shekarun 1950 ta riƙa tura 'ya'yanta Jami'ar Auburn da ke Alabama su koyi likitancin dabbobi, maimakon ta gina tata makarantar.

A 1974 hukumar ta ƙara faɗaɗa abin, ta buɗe shirin da ta kira Academic Common Market, wato kasuwar ilimi ta bai-ɗaya. Wannan shi ne shirin da ya ceci aminina. Ƙa'idarsa a taƙaice take. Dole ɗalibi ya kasance mazaunin jihar da ke cikin yarjejeniyar; dole fannin da yake so ya zama babu shi a jami'o'in gwamnatin jiharsa; dole jami'ar da ke wata jihar ta ɗauke shi bisa cancantarsa, domin shirin ba ya ba kowa gurbi; sa'an nan jami'in da jiharsa ta naɗa ya tabbatar a rubuce cewa shi nasu ne. Da zarar waɗannan sun cika, sai a sauya masa gida a takardar kuɗi, ya biya abin da ɗan gari ke biya.

Sauran yankunan ƙasar ma ba su zauna ba. Jihohi 6 na kusurwar arewa maso gabas sun kafa tasu hukumar a 1955, suka fara musayar ɗalibai a 1957. Jihohin yamma suna da hukumar WICHE tun 1953, kuma a ƙarshen shekarun 1980 suka fito da shirin da ya ƙayyade cewa ɗalibin da ya fito daga wata jihar yankin ba zai biya fiye da kuɗin ɗan gari da ƙarin rabinsa ba. Idan ɗan gari na biyan dala 11,000, maƙwabci zai biya 16,500, wanda ya fi 29,000 sauƙi nesa ba kusa ba. Jihohin tsakiya sun bi sahu a 1994. Wanda ya fi burge ni shi ne na 1971, inda jihohin Alaska da Montana da Aidaho, waɗanda a lokacin ba su da makarantar likitanci, suka haɗa kai da Jami'ar Washinton da ke birnin Seattle ta zama makarantar likitancinsu baki ɗaya. Jihar Wayomin ta shigo cikinsu a 1996. Jiha biyar, tsangaya ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka tausayi ne ya kawo wannan. Cuɗe ni in cuɗe ka ne tsantsa. Jihar da ta tura ɗanta ta huta da gina tsangaya domin mutum ashirin. Jihar da ta karɓe shi ta cika kujerar da da ma a wofi take, ga malami an riga an biya shi, ga ɗakin gwaji an riga an gina. Mu da ke koyar da Hausa a nan Kudu mun fi kowa sanin darajar wannan lissafi. Ƙaramin sashe kullum rayuwarsa a hannun adadin ɗalibai take, duk shekarar da aka zauna rabon kuɗi sai an ɗaga gira an tambaya, "Su nawa ne a ajin naku?" Fannin da ɗalibansa ba su da yawa a jiha guda, in aka tattaro masu sha'awarsa daga jihohi goma sai ya tsaya da ƙafarsa. Duk da haka, shirin yana da iyakarsa. Kuɗin makaranta kawai yake ragewa, ɗaki da abinci da kuɗin mota suna nan a wuyan uba, saboda haka ɗan talaka tilis ba lalle ne ya ci moriyarsa ba. A kasuwar kudu, ɗalibin da ya sauya fanni zuwa wanda ba ya cikin jerin ya rasa rangwamen. Daɗin daɗawa, jiha tana iya janyewa in aljihunta ya yi zafi, kamar yadda Karolina ta Arewa ta fice daga kasuwar a 2011.

Akwai kuma wani ɓangare na tarihin da ba a cika son tunawa da shi ba, wanda a ganina shi ne ya fi koyar da darasi. Tun kafin a kafa waɗannan hukumomi, wasu jihohin sun san dabarar biya wa ɗalibi kuɗi ya je wata jiha, amma da wata manufa daban. A zamanin wariyar launin fata, in baƙar fata ya nemi shiga jami'ar jiharsa da aka keɓe wa Turawa, sai a ce masa ga kuɗi, je ka nema a wani wuri. Haka aka yi wa Lloyd Gaines, wanda ya gama digirinsa na farko a 1935 ya nemi karatun lauya a Jami'ar Misuri. Hukuma ta hana shi, ta ce za ta biya masa a wata jihar maƙwabciya. Ya ƙi, ya kai ƙara. A watan Disamba na 1938 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa jiha ba za ta sauke nauyin da ke kanta a ƙofar maƙwabciyarta ba. Abin da ta tanadar wa farin ɗanta a cikin gida, dole ta tanadar wa baƙin ɗanta a cikin gida. Gaines bai ɗanɗani nasararsa ba. A watan Maris na 1939 ya fita daga masaukinsa a birnin Shikago, ba a sake ganinsa ba.

Saboda irin wannan tarihi, da gwamnonin kudu suka kafa hukumarsu a 1948, shugabannin baƙaƙen fata da yawa sun dube ta da idon zargi, suna ganin tsohuwar wariya ce aka ɗinka wa sabuwar riga. Ba a daɗe ba aka gwada zargin. A 1949 wata budurwa baƙar fata, Esther McCready, ta nemi shiga makarantar koyon jinya ta Jami'ar Merilan. Jihar ta ce a ƙarƙashin yarjejeniyar yankin ta samo mata gurbi a Kwalejin Meharry, makarantar likitanci ta baƙaƙen fata da ke jihar Tenesi. McCready ta ƙi tafiya. A wannan shari'a hukumar SREB da kanta ta shaida wa kotu cewa ba a ƙulla yarjejeniyar don wata jiha ta fake da ita ta guje wa haƙƙin da ke kanta ba. A 1950 babbar kotun jihar ta ba da umurni a ɗauke ta, ta shiga, ta kuma gama a 1953.

Idan aka ajiye labarin McCready kusa da na 'yar aminina, za a ga takarda iri ɗaya ce, hukuma ɗaya ce, kuɗi ne ya tashi daga wannan jiha zuwa waccan. Bambancin yana wuri guda. 'Yar aminina ta fita ne domin abin da take nema babu shi a gida. McCready kuwa an so a fitar da ita ne alhali abin da take nema yana gida, ana dai ƙyashin ta taɓa shi. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowace yarjejeniya irin wannan da shi: shin ƙofar maƙwabci aka buɗe wa yaro ƙari a kan tasa, ko kuwa an nuna masa ta maƙwabci ne don a rufe tasa?

Wani abin kuma da ya kamata a lura da shi shi ne harsashin da duk waɗannan yarjejeniyoyi suka zauna a kai. A Amurka kowane ɗan ƙasa da ke zaune a cikinta yana da inda ake lissafa shi ɗan gari. Gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1868 ya bayyana cewa ɗan ƙasa ɗan jihar da yake zaune a cikinta ne. Ba a tambayar inda aka binne cibiyar kakansa. A yawancin jihohi, wanda ya shekara guda yana zaune, yana aiki, yana biyan haraji, kuma ya nuna ba karatu kaɗai ya kawo shi ba, ya cancanci kuɗin ɗan gari, shi da 'ya'yansa. A 1973 ma Kotun Ƙoli ta soke wata dokar jihar Konetikat wadda ta ce wanda ya nemi shiga jami'a yana baƙo, baƙo zai zauna har ya gama, ba tare da an ba shi damar kawo hujjar cewa ya zama ɗan gari ba. Aminina da aka haifa a cikin ganuwar wani tsohon birni na ƙasar Hausa, 'yarsa 'yar jiha ce a can, ba wanda ya nemi ta kawo takardar mai unguwa.

A nan ne zancen ya dawo gida, domin mu a wurinmu zama ba ya sa mutum ya zama ɗan jiha, sai jini. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916, kuma akwai zangunan Hausawa irinta a Agege da Shagamu da Owerri da sauran garuruwa, inda aka haifi uba, aka haifi kaka. Na koyar da wani ɗalibi daga irin waɗannan zanguna, wanda harshen mutanen garinsu ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Kafin ya zo wurinmu ya nemi shiga wata jami'ar jiha, aka ce ya kawo takardar shaidar asali, wadda ɗalibai ke kira takardar indijin. Ƙaramar hukumar da aka haife shi a cikinta ta ce ya tafi garinsu. Ya hau mota kwana da yini zuwa wani gari a Arewa wanda a bakin kakarsa kawai ya taɓa jin sunansa, can kuma aka tambaye shi wa ya san ubansa. Ya dawo hannu rabbana. Kuɗin baƙo ya fi ƙarfin mahaifinsa, tallafin karatu na jiha kuwa ba ta nan ba ta can, haka ya yi asarar shekara biyu yana taya uban tsaron shago. Alhali sashe na 15 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin tarayya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa.

Haɗa kan jihohi a kan ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Bayan da aka raba Jihar Arewa gida shida a 1967, an kafa hukumar riƙon ƙwarya ta ayyukan haɗin gwiwa, wadda ta kula da kadarorin da jihohin suka gada tare, har da Jami'ar Ahmadu Bello, kafin gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar a 1975. A nan Kudu kuma, jihohin Oyo da Osun sun mallaki Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola tare tun daga 1991, sai dai saɓani a kan wa zai biya me ya jawo yajin aiki da rufe makaranta na tsawon watanni, har a 2020 aka bar wa Oyo ita kaɗai. Darasin da ke nan shi ne tarayya a kan mallaka tana da wuyar riƙo. Abin da Amurkawa suka fi yi ya fi wannan sauƙi: kowa ya riƙe jami'arsa, a yi tarayya a kan kujeru. Jihohinmu 36 ne, kowace tana fafutikar buɗe tsangayar likitanci da ta injiniya da ta lauya, ana ta jan ƙwararrun malamai 'yan kaɗan daga nan zuwa can. Me zai hana gwamnonin kowace shiyya, waɗanda da ma suna da majalisun da suke haɗuwa, su fitar da jerin fannonin da kowace jiha ta ƙware a kai, a naɗa jami'i guda a kowace ma'aikatar ilimi, a kuma buga ƙa'idar a fili yadda yaro zai cika takarda ba tare da ya nemi wanda zai tsaya masa ba?

To amma ko da an yi haka gobe, ɗalibin nan nawa na zango ba zai amfana ba, domin yarjejeniyar jihohi tana aiki ne ga wanda wata jiha ta amsa cewa nata ne. Saboda haka gyaran farko shi ne a yarda cewa wanda aka haifa a wuri, ko ya shekara goma yana biyan haraji a cikinsa, ɗan wurin ne a takardar kuɗin makaranta. Wannan magana kuwa ba mutanen Kudu kaɗai ta shafa ba. Akwai 'ya'yan Ibo da Yarabawa da aka haifa a Sabon Garin Kano da na Zariya, waɗanda Hausarsu ta fi ta wasunmu daɗi, su ma gidan baƙi ake jefa su. Ba za mu nemi a yi mana a nan abin da ba mu yi wa wasu a can ba.

Ku ɗalibanmu da ke karanta wannan mujalla, nan da 'yan shekaru wasunku ne za su zauna a ma'aikatun ilimi da majalisun jihohi da ofisoshin rajista na jami'o'i. Ranar da aka miƙo muku takarda mai gida biyu domin ku sa hannu, ku dakata ku tambayi wanda ya kawo ta: yaron da kakansa ya zo garin nan tun zamanin Turawa, a wane gida aka sa shi?